Tsoffin Kayan Ɗaki: Gane Katakon Kafin a Sa Masa Zarto

Sabon Kafinta:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na samu tsoffin kayan ɗaki guda biyu waɗanda mai su ya fid da rai da su, kuma ina neman shawararku kafin in taɓa su da zarto. Na farko durowa ce mai aljihu huɗu, bayanta ya ɓalle, aljihu biyu ba sa shiga daidai, ƙafa ɗaya kuma ta karye. Na biyu babban tebur ne mai fikafikai biyu da ake saukewa ƙasa, ƙwari sun cinye ƙafafunsa har suna marmashewa a hannu, amma samansa lafiya lau yake. Wanda ya ba ni ya ce dukansu mahogani ne, kuma sun haura shekara ɗari. Launinsu ja ne mai duhu, abin sha'awa. Niyyata in wargaza su in yi ƙananan akwatuna da ɗan teburin gefen gado. Ta yaya zan tabbatar da irin katakon, kuma ta yaya zan kwance su ba tare da na yi asararsa ba?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka tambaya tukuna. Abu na farko, ka cire launi daga lissafinka, domin launi shi ne abin da ya fi yaudarar mutum a wannan sana'a. Kafintocin da suka ƙera waɗannan kaya sun iya rina katako mai araha ya yi kama da mai tsada, sannan shekaru da hasken rana sun ƙara nasu aikin a kai. Ka juya teburin ka dubi ƙarƙashinsa, ka zaro aljihun durowar ka dubi gefensa da gindinsa, ka leƙa cikin jikinta inda ba a shafa komai ba. A kayan da, ba a cika yin abu guda da katako iri ɗaya daga sama har ƙasa ba. Mai tsada yana zama a inda ido ke gani, mai sauƙi kuma yana ɓoye a ciki. Ka duba bakin kowane allo da kyau: idan zanen da ke fuskar katakon bai ci gaba ya zagaya bakinsa ba, to siririn falle aka manna a kan wani katako daban.

Mai Gyaran Tsoffin Kaya:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni akwai abin da ya fi damuna fiye da sunan katakon. Ɗan'uwa, abin da ka lissafa game da durowar nan, wato baya ya ɓalle, aljihu ba ya shiga, ƙafa ta karye, duk ciwo ne mai magani. Aljihun da ba ya shiga daidai galibi sandunan da yake zamewa a kansu ne suka cinye saboda shekarun ja da turawa, kuma ana sake su ko a ƙara musu siririn katako. Na sha ganin kayan da aka yanka don a samu allo biyu ko uku, alhali aikin kwana biyu zai tayar da su su sake yin wasu shekaru hamsin. Abin da aka yanka ba ya komawa. Ina roƙonka ka ɗauki durowar a matsayin abin gyara har sai an tabbatar ba ta gyaruwa. Teburin kuwa, tunda ƙafafun sun tafi, ba zan yi jayayya sosai a kansa ba, ko da yake shi ma ana iya yi masa sababbin ƙafafu.

Malamar Kimiyyar Itace:
Ina so in ƙara bayani a kan yadda ake gane katako, domin hanyar ba ta da wuya kuma ba ta bukatar kayan aiki masu yawa. Ana bukatar sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi ƙwarai, da ɗan gilashin hannu mai ƙara girman abu sau 10. Wurin da za a duba shi ne bakin katakon, inda aka datse itacen a gicciye, domin a nan ne ƙofofin da ruwa ke bi lokacin da bishiyar ke raye suke bayyana kamar ƙananan ramuka. Ka fiƙe wuri kaɗan, kamar faɗin farce, a gefen da ba a gani. Kada ka goge shi da samfefa, saboda garin katako zai toshe ramukan ya ɓata maka gani.

Abin da ake kira katako mai ƙarfi a ilimin tsirrai shi ne wanda ya fito daga bishiya mai faɗin ganye, kuma alamarsa ita ce waɗannan ramuka. Itatuwa masu ganye kamar allura, irin su fayin, ba su da su, sai dai 'yan hanyoyin ƙaro jefi-jefi. Saboda haka sunan ba ya nufin tauri a kowane lokaci, tunda balsa, wanda ake iya lotsa shi da yatsa, yana cikin wannan rukuni.

Idan ka ga manyan ramuka sun jeru a layi a farkon kowane zoben shekara, sannan ƙanana na biye, kana cikin rukunin itatuwa irin su ok, wani katako mai ƙarfi na ƙasashen sanyi. Shi itacen ok yana da ƙarin alama da ba ta ɓoyuwa, wato faffaɗan layuka masu haske da ke tasowa daga zuciyar itacen zuwa ɓawo, waɗanda ake gani ko ba gilashi. Idan ramukan suna raguwa a hankali daga manya zuwa ƙanana, katakon kuma ruwan ƙasa ne mai duhu, ka yi tunanin walnot. Idan kuwa ramukan sun warwatsu ko'ina da girma kusan ɗaya, to a nan mahogani yake, amma a nan ma itacen bic yake, wani katako mai hasken launi, da wasu da dama. Bambancin shi ne ramukan mahogani manya ne, ana ganinsu a fuskar allo kamar gajerun tsagogi masu duhu, yayin da na bic ƙanana ne ƙwarai, fuskarsa kuma cike take da 'yan ɗigo-ɗigo masu kama da ƙananan tsaba.

Akwai wata alama a cikin bayaninka da ta ja hankalina. Ka ce ƙwari sun cinye ƙafafu amma ba su taɓa saman ba. Ƙwaron da ke huda kayan ɗaki yana son bic ƙwarai, kuma bai cika shiga zuciyar mahogani ba. Ina kyautata zaton teburin nan katako biyu ne.

Sabon Kafinta:
Na gode, Baba, na gode, Malama, na gode, Yaya. Na yi yadda kuka ce, kuma lallai gani ya kori ji. Ƙafafun teburin da na fiƙe fari ne sol a ciki, jan launin bai wuce fata ba, kuma ga ɗigo-ɗigon nan na bic da Malama ta kwatanta. Saman teburin kuwa katako ne na gaske gaba ɗaya, zanen ya zagaya har baki, launinsa ja-ja ne har ciki, ramukansa manya ne a warwatse, wasu da wani abu mai duhu a cikinsu. Kowane fiffike allo ɗaya ne tak mai faɗin santimita 46, kaurinsa santimita 2. Durowar kuma falle ne aka manna a gefunanta da fuskokin aljihunta, abin da ke ƙarƙashi fari ne mara ramuka, sai gefunan aljihun ne suke da layukan nan na itacen ok. Kaurin fallen ya kai kusan milimita 2. A ƙarƙashin teburin akwai sawun zarto mai lanƙwasa, sukurorin kuma masu tsini ne, masu tsaga ɗaya a ka.

Mai Gyaran Tsoffin Kaya:
To, ɗan'uwa, wannan bayani ya yanke hukunci a kan durowar. Idan ka wargaza ta, abin da za ka samu shi ne fayin da guntayen falle, ba allon mahogani ba. Kuma falle mai kaurin milimita 2 alama ce ta tsufa, domin da zarto ake yanka shi a da, na yanzu kuwa da wuƙar inji ake fere shi, kaurinsa bai cika wuce milimita 0.6 ba. Ka dubi haƙoran da suka haɗa fuskar aljihun da gefensa. Idan ba su yi daidai wa daida ba, kuma akwai siririn layin da mai aikin ya ja don auna zurfinsu, aikin hannu ne. Wannan durowa darajarta tana cikin kasancewarta durowa.

Game da teburin, sawun zarto mai lanƙwasa na zarton inji ne mai zagaye, wanda bai yawaita a aikin kayan ɗaki ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19. Sukuru mai tsini ma a wannan lokaci ya bazu, bayan 1846, domin na kafin nan bakinsu a datse yake, zarensu ba ya tafiya daidai. Mai tsagar gicciye a ka sai a shekarun 1930 ya fito. Sai dai a riƙa tuna cewa ana sauya sukuru a lokacin gyara, don haka shaida ɗaya ba ta isa ba. Amma idan aka haɗa biyun, maganar shekara ɗari ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Tsohon Kafinta:
Allo ɗaya mai faɗin santimita 46, ba haɗi, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin bishiyar da aka sare. Ni a ganina mahoganin asali ne na yankin Amurka ta Tsakiya. Na yi shekaru ina aiki da shi da kuma na Afirka, kuma hannu yana sanin bambancinsu. Na asalin yana bin ƙarfe cikin sauƙi, ba ya tsagewa baya, yana ba da sheƙi mai zurfi. Na Afirka jijiyarsa a harɗe take, ka kankare ta nan ta yi kyau, ta can ta tashi. Ɗana, ka gwada kankare ɗan wuri a ƙarƙashi, za ka ji abin da nake faɗa.

Malamar Kimiyyar Itace:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba na raina sanin hannu, kuma sau da yawa yana riga gilashi kai wa ga amsa. Amma a nan zan nemi a ƙara shaida, domin akwai mahoganin Amurka mai harɗaɗɗiyar jijiya, akwai kuma na Afirka mai miƙaƙƙiya, kuma wanda bai daɗe a sana'ar ba ba shi da abin da zai kwatanta da shi. Mahoganin asali daga dangin Swietenia yake. Na Afirka daga dangin Khaya yake, wato dangin maɗaci, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 yake shiga kasuwannin Turai da yawa, don haka shekarun teburin ba su fitar da shi daga lissafi ba.

Ga abubuwa biyu da za a duba. A bakin katakon, Swietenia yana da siraran layuka masu haske da ke raba zoben girma ɗaya da na gaba, kuma galibi Khaya ba shi da su a fili. A fuskar allon kuma, idan aka karkata shi ga haske aka sa gilashi, Swietenia yakan nuna ƙananan layuka a gicciye, a jere kamar matakala, waɗanda galibi babu su a Khaya. Akwai na uku da ake rikita shi da su, wato safele, amma shi ya fi nauyi kuma yana da ƙamshi mai ƙarfi idan aka yanke shi.

Nauyi ma yana taimakawa wajen fitar da wasu. Ka ɗauki guntu mai kusurwa daidai, ka auna tsawo da faɗi da kauri da santimita, ka ninka su, sannan ka raba nauyinsa na giram da abin da ka samu. Busasshen mahoganin Amurka ta Tsakiya yakan faɗa kusa da 0.55 zuwa 0.6, safele da tik da iroko wajen 0.65, itacen ok da bic wajen 0.7 ko sama kaɗan, rozwud sama da 0.8, eboni kuma yana kusantar 1, har wani yakan nutse a ruwa. Amma nauyi ba zai raba Swietenia da Khaya ba, domin sun yi kusa da juna.

Mai Ƙera Akwatuna:
Da izinin manya, ni ina ganin an zurfafa fiye da bukata. Yaron nan akwati zai yi. Ko Swietenia ne ko Khaya, katakon ya bushe shekara ɗari, yana da kyau, zai yanku, zai mannu. Wanda zai ajiye kayansa a cikin akwatin ba zai tambayi sunan Latin ba. Ni dai shawarata, ƙanena, ka mai da hankali ga abin da zai iya lalata maka ƙarfe ko lafiya, wato ƙusoshin da suka karye a ciki da abin da aka shafa a sama.

Malamar Kimiyyar Itace:
Malam, maganarka ta ƙusa da shafi tana kan hanya, amma sunan yana da amfani ta fuska biyu. Ta farko ita ce gaskiya a ciniki. Idan zai sayar ya ce mahoganin asali ne, wajibi ne ya san haka ne, idan kuma bai tabbatar ba, ya ce tsohon katako ne daga dangin mahogani, ya tsaya a nan. Ta biyu ita ce doka. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973, tana sa ido a kan cinikin wasu itatuwa tsakanin ƙasashe. Rozwud na Brazil, Dalbergia nigra, yana cikin rukuni mafi tsanani tun 1992. Mahoganin Amurka ta Tsakiya, wanda ake kira mai faɗin ganye, ya shiga rukuni na biyu a 2003, sauran dangin Dalbergia da madobiya suka shiga daga farkon 2017, Khaya na Afirka kuma aka amince da shigar da shi a taron 2022. A kan mahoganin Amurka, ƙa'idar ta shafi gungume da yankakken allo da falle ne, ba ƙerarren akwati ba, don haka ɗan'uwanmu ba shi da damuwa idan akwati zai aika. Amma wanda ya samu tsohon rozwud na Brazil ya sani cewa a Tarayyar Turai sassaucin da ake yi wa kayan da aka ƙera kafin 1947 yana faɗuwa da zarar an yanka su an mai da su wani abu sabo.

Sabon Kafinta:
Na sake dubawa da gilashi. Siraran layukan masu haske suna nan a bakin katakon, matakalar nan ma na gan ta a fuskar allon bayan na jiƙa wurin kaɗan. Na auna wata sanda da ke ƙarƙashin saman, mai irin katakon, tsawonta santimita 40, faɗi 10, kauri 2, nauyinta giram 470, abin da ya ba ni kusan 0.59. Ke nan hannun Baba da gilashin Malama sun haɗu a wuri ɗaya. Na kuma karɓi shawarar Yaya, durowar gyara ta zan yi. Yanzu saura yadda zan kwance teburin.

Tsohon Kafinta:
Madalla. Ka ajiye guduma a gefe tukuna. Kayan wancan zamani da gam ɗin fata da ƙashi aka haɗa su, kuma kyawunsa shi ne yana sakewa idan ya ji zafi da laima. Ka ɗiga ruwan zafi a cikin haɗin, ko ka naɗa tsumma mai ɗumi a kai, ka jira, ka ƙara, sannan ka girgiza a hankali har ya saki. Idan dole sai an buga, ka sa guntun katako a tsakani, kuma ka buga ta hanyar da haɗin zai fita. Ka kula kada ruwan ya gangara kan fuskar saman.

Tsoffin sukurori sukan kafe. Ka share tsagar kansu da tsinin wuƙa, ka sami sukudireba da ya cika tsagar daidai, ka fara ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance. Idan ya ƙi, ka ɗora ƙarfe mai zafi a kansa na ɗan lokaci, ka bari ya huce, zai saki. Bayan ka gama, ka bi kowane allo da maganaɗisu mai ƙarfi, santimita bayan santimita, ka zagaye duk inda ya ja da alli. Na taɓa rasa wuƙaƙen inji saboda rabin ƙusa da ke kwance a ƙarƙashin cikon da wani ya yi, kuma guntun ƙarfen da ya fallatsa ya wuce kusa da fuskata. Ka sani maganaɗisu ba ya jin tagulla, don haka duk ramin da aka cike, ka tone shi ka gani da idonka.

Mai Gyaran Tsoffin Kaya:
Kafin komai ya shiga wurin aikinka, ka raba shi da ƙafafun nan. Ramukan da kake gani, masu faɗin milimita 1 zuwa 2, ƙofar fitar ƙwaron ne bayan ya girma, tsutsar kuwa tana iya yin shekara uku ko huɗu a ciki tana ci ba a gani. Ka shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashin kowane guntu na 'yan makonni. Idan ka ga sabon gari mai haske ya zubo, akwai mai rai a ciki. Ƙafafun ka ƙona su. Allunan da za ka ajiye, idan kana shakka, zafi yana kashe ƙwarin matuƙar tsakiyar katakon ta kai digiri 56 na ma'aunin Selsiyos na tsawon minti 30, wanda shi ne ma'aunin da ake bi wajen katakon ɗaurin kaya tsakanin ƙasashe. Sai dai zafi yana ɓata tsohon shafi kuma yana sakin gam. Ga ƙananan guntaye, sanyi ya fi sauƙi: a naɗe su a leda a rufe ruf, a sa a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifiri na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bari su dawo daidai a hankali kafin a buɗe ledar. Ka duba durowar ita ma, musamman bayanta.

Don sanin abin da aka shafa, ka ɗiga sifirit a wurin da ba a gani. Idan ya yi laushi ya yi danƙo, shelak ne, wato wani shafi mai sa katako sheƙi, wanda shi ne ya fi yawa a kayan ƙarni na 19. Idan kuma wani ya taɓa shafa fenti a wani sashe, ka ɗauka akwai dalma a ciki har sai gwaji ya nuna babu, domin ko a Amurka sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidaje. Irin wannan ba a goge shi a bushe.

Mai Ƙera Akwatuna:
Da ka tabbatar babu ƙarfe, ka sa allunan a inji ka kankare fuska biyun. Milimita ɗaya ko biyu za ka cire, sai ka ga katako sabo fil, mai launi ɗaya, wanda za ka iya tsaga shi gida biyu ka samu sirara na akwati. Daga fiffike ɗaya za ka fitar da akwatuna da dama. Ka sa takunkumi, domin ƙurar katako tana cutar da hanci da huhu, kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar tun 1995.

Mai Gyaran Tsoffin Kaya:
A nan kam ban yarda ba, Malam, kuma ina faɗa da girmamawa. Wannan milimita ɗaya da kake cewa a cire ita ce abin da ba a saye a ko'ina. Launin da ke fuskar tsohon mahogani aikin haske da iska da hannuwan mutane ne na shekara ɗari, kuma bai fi kaurin takarda ba. Inji zai share shi cikin daƙiƙa biyar, abin da zai fito kuma ja ne mai haske, wanda ba shi da bambanci sosai da sabon katako. Sannan allo guda mai faɗin santimita 46 a yanka shi ƙanana don akwati, wannan asara ce ta biyu, domin akwati ana yin sa da guntaye, amma faɗi irin wannan da wuya a sake samunsa. Idan shelak ne a kai, ana wanke dattin da tsumma da ɗan sabulu mai laushi ba tare da an jiƙa shi sosai ba, a farfaɗo da shi da sabon shelak siriri, a bi da kakin zuma.

Mai Ƙera Akwatuna:
Na ji hujjarka a kan faɗin allon, kuma na karɓa, bai kamata a yanka fikafikan ba. Amma tsakiyar teburin fa? Dole tana da ramukan maƙalai da sukurori ta kowane gefe. Wannan ba za ta yi fuskar tebur ba, kuma idan ya haɗa tsohuwar fuska da sabon yanka a akwati ɗaya, launin zai saɓa, aikin ya yi kama da faci. A irin wannan gara a kankare duka a samu launi ɗaya, tunda mahogani yana yin duhu da kansa cikin 'yan watanni idan yana ganin haske.

Tsohon Kafinta:
Ku biyun kun kawo shi inda ya kamata. Fikafikan su zama saman ƙananan tebura da fuskarsu ta asali, tsakiyar kuma ta tafi akwatuna. Amma ɗana, ga abin da mutane ke mantawa: tsufa ba ya hana katako motsi. Yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, shi ya sa tsohon tebur mai zagaye idan ka auna shi za ka tarar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya. Mahogani yana cikin masu ƙarancin motsi, amma allo mai wannan faɗi zai motsa. Kada ka manne saman da gam a jikin firam. Ka ɗaure shi ta ƙasa da sukurori a cikin ramuka masu ɗan tsawo, yadda zai samu wurin numfashi, in ba haka ba zai tsage. Wanda za ka kankare kuma, ka bar shi mako biyu a wurin aikinka tukuna, ka cire daidai wa daida daga fuska biyun, idan ka tsaga shi ka jera shi da 'yan sanduna a tsakani na wasu kwanaki kafin ka yi masa yankan ƙarshe. Kuma duk inda za a manna, ka kankare tsohon gam da shafi har ka kai ga katako tsantsa, domin gam ɗin zamani ba ya kama saman tsohon.

Malamar Kimiyyar Itace:
Ƙari kaɗan game da durowar, tunda gefunan aljihunta itacen ok ne. Yana da sinadarin tanin da yawa, irin wanda ake jima da shi, kuma idan ya haɗu da baƙin ƙarfe da laima yakan yi baƙin tabo. Ka yi amfani da sukurorin tagulla a wurin. Tabon da ya riga ya fito ana cire shi da asid ɗin oksalik da aka narka a ruwa, da safar hannu, a ɗauraye sosai, kuma kada a shaƙi ƙurarsa bayan ya bushe.

Sabon Kafinta:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kwance teburin jiya da ruwan zafi, haɗi ɗaya ne kawai ya ba ni wahala, kuma maganaɗisu ya nuna mini karyayyun ƙusoshi uku a tsakiyar, na fitar da su. Fikafikan suna jingine a inuwa da baƙar takarda a ƙarƙashinsu. Tambaya ɗaya ta rage mini, Yaya: ramukan sukurori da gurbin maƙalai da ke bakin fikafikan, in cike su da garin katako da gam, ko yaya?

Mai Gyaran Tsoffin Kaya:
Kada ka sa gari da gam, ƙanena, domin yakan tsuke ya yi duhu, kuma ba ya karɓar shelak kamar katako. Ka yanko 'yan toshe daga sandar nan da ka auna, ka daidaita jijiyarsu da ta allon, ka manna da gam ɗin fata, ka fere su da ƙarfe mai kaifi har su yi daidai da fuskar, ba tare da ka taɓa tsohon shafin da ke kewaye ba. Gurbin maƙalan yana ƙasa, firam ɗin sabon teburin zai rufe mafi yawansa. Sauran guntayen da suka rage, ko da sun kai tsawon yatsa ne kawai, ka tara su a kwali ka rubuta daga inda suka fito, domin da su za ka yi facin fallen durowar da kuma sabuwar ƙafarta. Idan ka zo kan fallen da ya ɗago, ka turo hoton wurin kafin ka sa masa zafi.